Siniyar Alhaji Tsoho

Ranar ɗaya ga wata, bayan la'asar, Ummusalama ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta jera gwangwanayen madara huɗu a gabanta. Mijinta Harisu ya zauna a bakin gado, ya ciro albashinsa na tuƙin tarakta ya miƙa mata. Ba ta taɓa gwangwani ko ɗaya ba sai da ta ƙirga jine ɗari takwas, kuɗin ƙasar, ta ƙulle su a wani farin ƙyalle. Abin da ya rage shi ta raba: na dawa da busasshiyar kuɓewa, na ruwan amalanke, na gawayi, sannan mafi ƙanƙanta, na sukari da ganyen shayi.

"Wannan na ƙarshen ko ƙuda ya leƙa sai ya tausaya mana," in ji Harisu, yana ƙoƙarin murmushi.

"Ƙuda ba ya bin mu komai, Abu Saratu. Alhaji Adamu ke bi." Haka take kiransa, wato baban Saratu, da sunan 'yarsu.

Asalin wannan ƙyalle kuwa shi ne: Harisu auta ne ga marigayi Alhaji Tsoho, ɗaya daga cikin dattawan unguwarsu a Gadarif. Shekara goma yana yi wa masu manyan gonaki tuƙi a wajen Doka, sai ya yi sha'awar nasa. Ya kama hayar gona faddan ɗari, kusan eka ɗari ke nan, ya karɓi kuɗi a hannun Alhaji Adamu, tajiri a kasuwar amfanin gona, ya shuka riɗi. Shi riɗi ba ya jira. Da zarar ganyensa ya yi rawaya, kwanaki kaɗan ke gare ka ka yanke shi ka tsayar, in ba haka ba kwansonsa ya tsage, ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar ƙasa. A wannan makon Alhaji Tsoho ya rasu. Aka shimfiɗa zaman makoki, wanda ake kira farash. Baƙi suka yi ta zuwa daga Gallabat da Fashaga, kwana uku suka zama bakwai, aka yanka bijimi biyu, aka zazzage buhunan sukari. Kuɗin da aka yi wannan hidima da su ladan masu yankan riɗi ne. Da Harisu ya koma gona, karan banza ya tarar a tsaye.

Dattawa suka shiga tsakani. Aka tsayar da bashin a kan jine dubu ashirin da huɗu, Harisu ya rubuta shek talatin, wato takardun cire kuɗi, kowane wata Alhaji Adamu ya kai guda banki. Sharaɗin kowa ya san shi: ranar da shek ya dawo babu kuɗi, mai shi yana tsare har sai ya biya.

Wata shida Ummusalama ta riƙe gidan a kan wannan ma'auni, ba a yi kuskuren rana ɗaya ba. 'Yarsu Saratu ta saba da shayi mai ɗaci. Harisu ya bar taba. Mutum ɗaya ce ba ta saba ba, Inna Jummare, mahaifiyarsa.

Da azumi ya kama, maza suka fara fita buɗa-baki a bakin titi kamar yadda aka gada, kowane gida ya fito da abincinsa a ajiye a kan tabarma ɗaya, kowa yana ganin na kowa. Gidan Alhaji Tsoho yana da siniya, wato babban tire, ta jan ƙarfe wadda ya zo da ita daga Makka, mai faɗin da sai mutum biyu ke ɗaukarta. Shekara arba'in ita ke zama a tsakiyar tabarma. A ranar farko Ummusalama ta ɗora mata kwanon tuwon asida ɗaya, da miyar kuɓewa, da dabino bakwai. Inna ta tsaya a kanta ta daɗe tana kallo.

"Wannan ce za ta fita?"

"Ita ce, Inna. Ko mu sa a ƙaramin faranti, ba zai nuna ba."

"Faranti? A gidan nan? Ke 'yar nan, siniyar da ta ciyar da direbobin lori da baƙin hanya, yau ki ɗora mata abincin mara lafiya? Gobe matan unguwa su ce Tsoho ya mutu da gidansa."

"Inna, gwangwanin ke nan. In na ƙara a nan, sai na rage a ƙyalle."

"Gwangwani, gwangwani. An aurar mana da ma'ajin banki."

Daga rana ta uku sai nama ya fara shigowa gidan, da sukari, da man girki, da lemon kwalba. Ummusalama ta tambaya cikin ladabi, Inna ta ce ƙaninta Husaini ne ya aiko daga Gallabat. Zuciyar Ummusalama ba ta kwanta ba, amma ba ta ga bakin da za ta ƙaryata surukarta da shi ba. Ta dafa, siniya ta cika, Inna ta riƙa leƙe ta jikin darni tana jin maza suna sa wa marigayi albarka.

Ranar ɗaya ga sabon watan bature, azumi bai ƙare ba, Harisu ya ɗauki farin ƙyalle zai kai banki. Yana wucewa ta gaban dukkan, wato shagon unguwa, mai shagon ya kira shi a gaban jama'a, ya buɗe masa littafi: kwana ashirin Inna tana ɗiba da sunansa, jine ɗari shida da ashirin.

"Ya zol, ɗan'uwa, ni ma kayan mutane ne. Hajiya ta ce ɗaya ga wata."

Harisu ya dubi mutanen da ke zaune a benci, ya ji ba zai iya bari a ambaci sunan uwarsa da bashi ba. Ya kwance ƙyallen ya biya. Ya yi niyyar ya roƙi wakilin gonar da yake wa aiki ya ba shi na wata mai zuwa, wakili ya ce lokacin shuka ne, kuɗi duk sun tafi a mai. Ya dawo gida, Ummusalama ta ce, "An kai?" Ya ce, "An kai."

Kwana shida bayan haka, ana jera abinci a bakin titi, ɗan sanda ya zo da takarda. A gaban siniyar, cike da nama, aka tafi da Harisu.

Washegari yayan Ummusalama, Mijinyawa, mai shagon kayan gyaran tarakta, ya shigo gidan bai ko zauna ba.

"Ɗauko tob ɗinki na lulluɓi da yarinyar. Halas, ya isa."

"Yaya, ka zauna mana."

"Ba zama na zo ba. Ɗari takwas ɗin na nan a aljihuna, yau ɗin nan zai kwana a gida. Amma ya fito ya rubuta miki takarda. Saura shek ashirin da uku, Ummusalama. Za ki tsufa kina ƙirgar ƙwayar sukari saboda mutumin da ya cinye gonarsa a zaman makoki?"

"Ubansa ya binne, Yaya."

"Mu ma mun binne namu, ba mu shiga kurkuku ba. Dubi wuyanki. Uwarmu ce ta haife ki ko tsintsiya?"

Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta karye ba. "In rance za ka ba ni, zan rubuta, in biya ka bayan Alhaji Adamu. In kuwa aurena ne ka zo saya da kuɗin, mayar da su aljihu."

Mijinyawa ya kaɗa kai ya fita. Inna tana cikin ɗakinta, ta ji komai.

Ranar jajibirin salla Ummusalama ta kai wa Harisu abinci. Ya zo bakin ƙarfen ya kasa ɗaga ido.

"Ummu, ki yafe mini. Kuɗin..."

"Ba kuɗin ne ke hana ni barci ba, Abu Saratu. Kwana shida kana cin tuwona, kana kallon idona, kana cewa an kai. Da ka faɗa mini a ranar, da na je wurin Alhaji Adamu da 'yan kunnena kafin ya kai takardar."

"Kunya na ji."

"Ta mai dukkan ka ji, da ta mutanen benci. Tawa fa?"

Can ya ce, "An ce Yaya ya je. In kin bi shi, wallahi ba zan ga laifinki ba."

"Ci abincinka kada ya huce. Ranar da ka fara zuwa zance gidanmu da man inji har gwiwar hannu, ai ban ga gona a bayanka ba. Abu ɗaya nake so: daga yau ko jine ɗaya ne ya ɓace, ni ce ta farkon ji."

"Na yi alkawari."

Aka yi salla babu shi. Babu wanda ya ɗaga siniya a gidan, tana jingine a jikin darni. A rana ta huɗu Inna ta fito da toka da lemon tsami, ta zauna ta goge ta har fuskarta ta fito a ciki. Sannan ta kira surukarta.

"Kama mini gefe ɗaya."

"Ina za mu, Inna?"

"Kasuwa. Husaini bai aiko da komai ba, kin sani, kin kuma rufa mini asiri. Na cika wannan abu da nama, na zubar da ɗana. Kama."

Mata biyu suka ratsa unguwa da siniyar Alhaji Tsoho a tsakaninsu, ana kallonsu ta kowace ƙofa. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ba da ɗari biyar da hamsin. Ummusalama ta cire 'yan kunnenta ta cika. Bayan kwana goma sha ɗaya a tsare Harisu ya fito, ya tarar an ba wani taraktarsa, domin shuka ba ta jiran direba.

Watannin da suka biyo baya sun fi na farko tsanani. Harisu ya yi cirar ciyawa da lauje a gonakin da a da yake ratsawa a kan inji. Da kaka ta yi, shi da matarsa suka hau lori zuwa Fashaga yankan riɗi, ana biyansu bisa yawan damin da suka tsayar, Inna ta riƙe Saratu. Ummusalama ta dawo da tafin hannu kamar ɓawon itace. Gwangwani na huɗu ya yi wata uku babu komai. Amma kowane ɗaya ga wata ƙyalle yana isa banki, kuma tare suke kai shi. Da azumi ya zagayo, Inna da hannunta ta ɗora asida a ƙaramin faranti ta miƙa wa ɗanta.

A kaka ta biyu, saura shek takwas, ciwo ya kwantar da Inna. Da ta ji jikinta, ta sa aka kira limamin unguwa ya zama shaida.

"Auta, matso. In na tafi, farash na yini ɗaya ne. Ruwa da dabino. Kada a yanka ko kaza. Wanda ya taɓa ƙyallen yarinyar nan da sunana, ban yafe ba."

Ta rasu ranar Talata da hantsi. Kafin azahar ƙaninta Husaini ya iso daga Gallabat, ya ja Harisu gefe.

"Ina bijimin? Ina masu girki? Yayata ce fa. An yi wa Tsoho kwana bakwai, ita a sallami mutane da dabino kamar baƙuwar da ta mutu a tasha?"

"Wasiyyarta ce, Kawu. Liman ya ji."

"Zafin ciwo ne. Kai dai ka ce matarka ta ɗaure ka da ƙyalle. Kawo abin da ke hannunka, a ciko sauran a dukkan, daga baya a san yadda za a yi."

Harisu ya waiwaya. Ta ƙofar darni yana hango Ummusalama a cikin mata, idanunta sun kumbura, ba ta ko duban wajensa. Ƙyallen yana cikin akwati, ya san inda mabuɗin yake.

"Kawu, na taɓa jin 'daga baya' sau biyu. Na farko ya ci gonata, na biyu ya ci siniyar babana. In kana da bijimi, ka yi mata sadaka a Gallabat, Allah ya karɓa. A nan yini ɗaya ne."

Husaini ya tafi a ranar bai yi sallama ba. Wasu dangi suka ɗauke ƙafa daga gidan, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Da magariba aka naɗe tabarmi. Kwana biyu bayan nan Harisu da matarsa suna cikin riɗi.

A farkon damina ta gaba, ranar da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Alhaji Adamu ya miƙa wa Harisu takardar shaidar cewa ba ya bin sa komai. Harisu ya kawo ta gida ya ajiye a cinyar matarsa. Ta kwance farin ƙyallen, wanda ya riga ya koma ruwan ƙasa, ta shimfiɗa shi a gwiwarta tana kuka.

"Na ga siniyar a kasuwa, a wurin wani mai shayi," in ji shi. "Na tambayi kuɗinta. Na ce ba zan yi komai ba sai kin ji."

"Bar ta inda take. Wadda za ta yi murna da ita ba ta nan." Ta share ido. "Kuɗin wata mai zuwa na takalmin Saratu ne, da rufin ɗakin Inna kafin ruwa ya rushe shi."

"'Yan kunnenki fa?"

"Su ne na uku a layi. Zauna in dafa maka shayi. Yau cokali biyu."

Ku matasa masu shirin kafa gida, ku lura da wannan. Bashin da ya kai Harisu kurkuku ba na caca ba ne, ba na shaye-shaye ba. Na kunyar idon mutane ne, kuma mutanen da ya ji kunyarsu babu wanda ya kai masa ko ruwa a tsare. Wadda ta kai masa ita ce wadda ya ɓoye wa gaskiya. Ku auna hidimarku da abin da ke hannunku, ku fara biyan haƙƙin da ke wuyanku kafin ku ciyar don a yaba, kada kuma miji ya ɓoye wa matarsa lissafin gidan da ita ke riƙe da shi. Haƙurin Ummusalama ya mayar mata da mijinta da mutuncin gidanta. Bai mayar da siniya ba, bai kuma sa Inna ta ga ranar ba.