Jinin Jatau da Nomau

A wani gari an yi maƙwabta biyu, Jatau da Nomau. Jininsu bai haɗu ba, ko gaisawa ba sa yi.

Ran nan gatari ya sari Nomau, jini ya yi ta zuba.

Likita ya ce, "Sai an ƙara masa jini yanzu, kuma irin nasa."

Aka gwada na wansa, bai yi ba. Aka gwada na ƙanensa, bai yi ba. Nomau ya fara numfashi sama-sama.

Jatau na bakin ƙofa. Ya juya zai tafi, sai kuma ya dawo ya miƙa hannu.

"Gwada nawa, likita. Amma jininmu bai haɗu ba."

Likita ya gwada, ya ɗago kai.

"In ji wa? Kwanta, malam!"