Igiyar da Ba a Tufkawa

Injin rijiyar haƙar ma'adinai ta Birnin Dutsi yana gunji, yana jawo keji daga zurfin kilomita biyu da mahaƙa bakwai a ciki. Igiyar da ke ɗauke da su ba ta kai kaurin yatsa ba.

Dakta Zulai ce ta ƙirƙiro ta. Ƙwayoyin kabon ne, sinadarin gawayi, a jere ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, lantarkin da ke gudana tsakaninsu ke riƙe da su. Zaren ya fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ba ya ga maciji da ɗan'uwansa. Biyu suka taɓa juna, sai su manne su kama da wuta. Shi ya sa kowane zare ke cikin kubensa, a miƙe.

Allon na'urar da ke gabanta ya yi ja. Ta tsayar da injin ta ruga bakin rijiya. Kamu goma na igiyar a murɗe suke tamau, kuben zaren ya soma tsagewa.

"Wa ya yi wannan?"

Kawunta Barmo, tsohon matufki da ta ɗauka aikin kula da igiya, ya matso da alfaharinsa. "Ni ne, 'yar nan. Ran mutum a kan zare sako-sako? Tun kakanninmu igiya sai da tufka."

"Kawu, idan wannan wurin ya naɗu a injin, wuta zai kama. Mahaƙa bakwai, su Ɗanlami, suna ƙasa."

Aka gwada hannayen inji biyu su warware murɗin, duka suka ƙara matse zaren. Zulai ta kashe su.

"Wanda ya tufka shi ya san warwara," in ji ta. "Zan riƙa faɗa maka zafin zaren."

Ya tuɓe safar hannu, don a cewarsa yatsa ba ya jin zare ta cikin roba. Tana kiran lamba, yana warwarewa sili-sili. Hayaƙi ya fara tashi daga tafinsa, bai saki ba sai da kamu na goma ya miƙe.

Mahaƙan bakwai suka fito da ransu. A asibiti aka yanke wa Barmo yatsu uku.

"Me ya hana ki gaya mini ba a tufka ta?" ya tambaye ta, ba da faɗa ba.

Kunya ta rufe Zulai. Ta yi wa manyan masana na ƙasashe ashirin bayanin zaren nan. Shekara uku Kawu na shafa igiyar kullum safiya, ba ta taɓa zama ta yi masa ba.