Me Ya Rage?

"Na ce a'a, Uwata. Ban sha hayaƙi shekara talatin na kai ki jami'a don ki ƙare a kicin ɗin wani ba."

"Baba, shi ma fa kuku ne kamarka..."

"Shi ya sa."

Ko ɗagowa daga kan tukunya bai yi ba.

Ni 'yar jarida ce. Duk Asabar ina rubutu a kan gidajen abinci, a shafin da na raɗa wa suna "Me Ya Rage?" Tambayar Baba ce. Tun ina shekara bakwai, bayan rasuwar Mama, yakan ɗora ni a benci a kicin ɗin ɗan gidan abincinsa, ya miƙo min cokali ya ce, "Me ya rage?" Da wannan harshen nake neman abincina yau.

Harshen nan ne kuma ya haɗa ni da wanda nake so. Na rubuta cewa miyar gidan abincinsa sai ka ce an yi mata wanka. Washegari ya zo ofishinmu riƙe da kula, wai in sake ɗanɗanawa. Sau huɗu yana dawowa. A na biyar ba miya ce ta kawo shi ba.

Amma akwai abin da na ɓoye masa. Tun rashin lafiyar bara, harshen Baba ya daina jin ɗanɗano. Kullum kafin in wuce aiki nakan biya kicin, ya miƙo cokali kamar wasanmu na da. Ba mu taɓa ɗaga maganar ba. In na yi aure, wa zai ɗanɗana masa?

Da yamma na ce da masoyina, "Ka yi haƙuri... ka nemi wata."



"Satin da kika yi tafiya na ci abinci a wurin Baba," in ji shi a hankali. "Kwana uku gishiri yana yawa. Ranar da kika dawo ya daidaita."

Hawaye suka zubo min. "Don Allah kada kowa ya ji."

"Haba rabin raina. Asirinsa ai nawa ne."

Da safe na tarar da shi durƙushe a ƙofar kicin ɗin Baba.

"Baba, koyo na zo. 'Yarka ta shaida wa duniya ban iya miya ba. Ka bar ni in riƙa zuwa kowace safiya."

Baba ya dube shi, ya dube ni. Na san ya gane. Ya ɗebo miya, ya tsallake ni, ya miƙa wa masoyina cokalin.

"Me ya rage?"

Ya ɗanɗana. "Gishiri ya isa, Baba. Tafarnuwa kaɗan."

Baba ya waiwayo ni. Na ɗanɗana, na gyaɗa kai.

Baba ya share idonsa da gefen hannu, wai albasa ce, alhali ba a yanka ko ɗaya ba.

"Ba ka gama ba, akwai saura."

"Me ya rage, Baba?"

"Ka turo magabatanka."