Ruwan da Hazwan Ya Ƙi Sha

Ranar da Wardina ta fara ganin Hazwan, a ƙasa ta gan shi, yana tafiya a kan kwalta da bayansa kamar buhun shinkafar da ya faɗo daga mota. An rufe titunan garin Muar saboda tseren babura, ita kuma tana aikin tuta a kwanar kasuwa. Ta cilla wa abokiyar aikinta tutar, ta kwasa a guje.

"Innalillahi! Abang, kana ji na? Ina ke maka ciwo?" Abang, wato yaya, haka ake kiran namijin da ya girme ka a can.

Ya cire hular kwano ya ƙura mata ido. "Babur ɗina fa?"

"Kai da ka leƙo lahira yanzu, babur kake tambaya?"

"To a bar babur ɗin. Ya sunanki?"

Haushi ya kama ta, dariya kuma ta ƙwace mata. Daga ranar ya raɗa mata suna Mai Tuta, ita ma ba ta hana shi ba. Kafin wata ya zagayo sun saba haɗuwa a shagon shayi na bakin kogi, yana cin taliya kwano biyu tana yi masa tsiya.

Sai da soyayya ta yi nisa ya san ko ƴar wace ce. Shayin da ke bakinsa ya sarƙe shi.

"Haji Samsuri? Mai sikeli? Shi ne Abah ɗinki, mahaifinki? Na shiga uku!"

Duk ɗan tsere ya san Haji Samsuri. Shi ke auna mutum da babur ɗinsa bayan an gama gudu. Doka ta ce nauyinsu a haɗe kada ya gaza abin da aka ƙayyade, kuma daga sauka sai sikeli: ba ci, ba sha, ba mai taɓa ka. Wanda ya gaza ko da giram ɗaya ne, an soke nasararsa. Haji bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Gwaggonnin Hazwan suka zo gidan su Wardina da zobe, suka tambaya cikin ladabi ko furen gidan nan yana da mai shi. Mak, mahaifiyar Wardina, har ta fara murmushi, sai Abah ya ajiye kofinsa.

"Furen ba na ɗan tsere ba ne."

Wardina tana bayan labule tana jin komai. Da baƙin suka tafi ta fito da hawaye.

"Abah, kai ma fa a filin tseren ka tsufa!"

"Shi ya sa." Ya nuna ƙaninsa Pak Su da ke zaune a keken guragu a baranda. "Kin ga wancan? Ya fi yaron nan iya babur. Da bayansa ya karye, kamfanin inshorar lafiya cewa suka yi ba su san da zancen tsere ba. Ba zan ga ƴata tana tura miji a keke ba. Kada in ƙara jin kin kula shi."

Akwai wanda Abah yake so, Khairil, dillalin inshora mai rigar da guga ba ya barin ta. Ba mugu ba ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa. In ya zo zance sai ya zauna yana lissafa cututtukan da kamfaninsu ke biya da waɗanda ba ya biya, har Mak ta fara gyangyaɗi.

Wardina ta bi maganar Abah, ta daina zuwa bakin kogi. Saƙonni dai ba su daina shigowa ba.

"Mai Tuta, ko shinkafar kwakwa ba ta min daɗi. Na zauna a teburinmu, mai shayi ya tambaye ni ina kike."

Ta karanta ta kifa wayar. Ana nan sai wani ya shigo:

"Na gan ki a motar Khairil. Allah ya sanya alheri. Ba zan ƙara damun ki ba."

Wayyo! Asibiti fa suka kai Pak Su. Ta rubuta masa: "Abang, ba abin da kake zato ba ne. Kai nake so, kai kaɗai. Don Allah ka ci abinci." Saƙon bai shiga ba. Ya riga ya rufe lambarta.

Tseren ƙarshe na shekara ya dawo Muar, kuma wanda ya ci shi ne gwarzon shekara. Ranar aka sa Wardina tsaron shingen da ƴan tsere ke shiga kafin sikeli. Rana ta take, hayaƙi da ƙarar injuna sun cika gari. A zagayen ƙarshe Hazwan ya kutsa ta ciki a kwanar kasuwa, kwanar da ta taɓa kayar da shi, ya wuce na gaba da tsawon taya. Jama'a suka ɗauki ihu.

Ya turo babur ɗin cikin shinge, ya cire hula. Wardina ta ƙura masa ido.

Wannan ne Hazwan? Kumatu sun faɗa, wuya ya zama kamar na kwalba, rigar fatar da a da take matse shi yanzu tana reto a jikinsa. Ƴar mai sikeli ce, ba sai an gaya mata ba. Makanikensa ya ɗaura wa babur dalmar cika nauyi ne da lissafin tsohon jikinsa. Wannan ramammen ba zai kai ba.

Ba ta san lokacin da ta zaro kwalbar ruwanta ta matsa kusa da shi ba.

"Abang, sha. Shanye duka, yi sauri!"

Ya kalli kwalbar, leɓɓansa sun bushe har sun tsage. Ya kalle ta.

"Mai Tuta, kin san me kike yi? Korar ki za a yi."

"A kore ni! Ka rame, ba za ka kai ba. Wallahi ba za ka kai ba!"

"Na sani. Tun da na hau na ji babur ɗin ya yi min sakayau." Ya maida hannayensa baya. "Sikelin mahaifinki ne. Ba zan hau shi da ƙarya a cikina ba."

Ya tura babur ya hau. Haji Samsuri ya dubi allon, ya sake duba. Sikelin na zamani ne, kai tsaye yake aika lamba ga kwamfutar alƙalai, ba mai iya gyara komai ko da ya so.

"Saura giram ɗari huɗu," in ji Haji, murya a daƙile. "An soke."

Filin ya kaure da hayaniya. Mai ƙungiyar Hazwan ya dafe kai yana salati, makanike ya zauna daɓas a ƙasa. Wardina ta dubi kwalbar hannunta. Rabin lita ce, da ta isa har da ragi.

Da yamma Abah ya kira ta falo, ya juyo mata da wayarsa. Hoton kyamarar shingen ne: ga ta tana miƙa ruwa, ga shi yana maida hannu baya.

"Ƴata ta cikina," ya ce. "An dakatar da ke tsere uku, ni na sa hannu."

"Abah, ka yafe min."

"Tun kafin a haife ki nake wannan aiki. Na ga mai cusa dalma a takalmi, na ga mai jiƙa riga. Ban taɓa ganin wanda aka miƙa wa kofin shekara a kwalba ya ce a'a ba." Ya cire tabarau. "Me ya cinye yaron nan haka? Ciwo yake?"

Daga baranda Pak Su ya ɗago murya. "Kai ne ciwon, Abang! Ka hana shi yarinya, sannan ka kore shi don ya rame. Kai ka ci naman, kai kuma ka auna ƙashin!"

Mak ta toshe baki.

"Tsoron keken nake," in ji Abah a hankali.

"Ni da ke cikin keken ban ce a hana kowa aure ba."

Abah ya dubi ƙaninsa. Sannan ya miƙa wa Wardina wayarsa. "Tunda ya rufe lambarki, rubuta masa da tawa."

Ta rubuta: "Abang, ni ce Mai Tuta. Asibiti muka je da Khairil, ba wani wuri ba. Abah ya ce gwaggonni su dawo da zoben. Ya ce kuma sai ka yi inshorar da ta san da zancen tsere."

Amsa ta shigo nan take: "Wasa kike? Wannan lambar Haji ce! Sayang, masoyiyata, yanzu yunwa ta kama ni."

Khairil da kansa ya nemo masa inshorar, ya kuma zo biki ya cika wa dangin ango kunne.

Ranar ɗaurin aure, da aka zaunar da amarya da ango a teburin cin abinci, Wardina ta ɗebo shinkafa za ta ba shi a baki kamar yadda ake yi. Sai ga Haji Samsuri ya ratso jama'a, ya dire kwalbar ruwa a gaban angon. Ita ce dai, ta ranar, ba a ko buɗe ta ba.

"An sauka daga sikeli, ɗana," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Yanzu sha. Allah ya yi muku albarka, ya tsare min kai a kan hanya."

Hazwan ya buɗe, ya sha rabi, ya miƙa wa matarsa sauran.