Kwalbar Man Taransifoma

Aminullahi ya fara ganin Sadia ne a bas ɗin Al Nahda a Dubai, tana rungume da akwatin ƙanƙara. Ya tambaye ta ko kifi ne. Ta ce kitsen zakin teku ne, wata dabba mai shayarwa, da ake aiko wa ɗakin gwajinsu daga biranen gaɓar teku don auna gubar masana'antu. Ya ce shi Bakano ne, yana kwance tsofaffin taransifomomi a Ras Al Khor. Kafin ta sauka ya samu lambarta.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Alhaji Yacouba, ɗan kasuwa daga Damagaram, ya ce bai san asalin yaron ba. Aminullahi ya ji mahaifiyarta na fama da gwiwa, sai ya aika mata da kwalbar man taransifoma, wanda a garejinsu ake shafawa don sanyin ƙashi. Hajiya ta yi ta shafawa a ɓoye, ta ce ta ji sauƙi, ta shawo kan Alhaji.

An sa rana kafin Sadia ta ga kwalbar. Ta kai ta gwaji, sannan ta tura wa Aminullahi saƙo:

"Masoyi, gubar da nake samu a kitsen dabbobin nan ita ce a kwalbarka. Ba ta barin jiki, uwa ma tana ba ɗanta a nono. Ina kuke zubar da sauran?"

"A kwata, Sadiyata. Tun zuwana Dubai."

Ta ce ba za ta faɗa wa iyayenta ba, amma ba za ta aure shi ba sai sun sani.

Ya ajiye aikin, ya je ya durƙusa gaban Alhaji ya faɗi komai.

"Da wannan kwalbar ka shigo gidana," in ji Alhaji. "Khalas, magana ta ƙare."

Aka ɗage biki, aka auna jinin Hajiya. An samu gubar, kaɗan, likita ya ce za a riƙa bibiya. Hajiya ce ta sake sa baki.

"Alhaji, da ƙafarsa ya zo ya tona asirin kansa. Ka ba shi."

An ɗaura aure a wani masallaci a Abu Hail. Wurin walima Hajiya ta kira ango da amarya, suka durƙusa.

"Allah ya ba ku zuri'a mai lafiya."

Sadia ta amsa da amin. Aminullahi ya amsa, kansa a ƙasa. Sakamakon nasa jinin bai fito ba tukuna.