Wanda Ya Taka Totur

Rana ta faɗi, Direba yana tsugune a tsakar gida yana wanke baƙin mai daga hannunsa, sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗaki. Ya ɗaga kai. Ta biyu ta biyo baya, ta gangaro har gaban ƙafarsa. Jar tsakuwa ce, irin wadda babu ita a unguwar, amma shi ya san inda ake haƙo ta.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji shi.

"Waɗanne?" in ji matarsa. "Ƙaraminsu har ya yi gemu."

Shekara shida ke nan da dawowarsa daga yaƙi. Bai taɓa harbin kowa ba, haka yake gaya wa duk mai tambaya. Babbar mota aka ba shi, abin da aka loda masa ya kai inda aka ce ya kai.

Tun daga ranar, duk magariba sai an yi jifan. Suka koma gidan wansa, jifa ya bi su, suka dawo. A kwana na tara Auta, 'yarsu mai shekara goma sha uku, ta ajiye bokiti, ta zauna daɓas a ƙasa, wani ruri ya fara fitowa daga ƙirjinta, irin na babbar mota da ke tsaye ana taka mata totur. Ta daina ci, ta daina gane uwarta. Direba ya daina fita aiki, waje ba ya zaunuwa, cikin gidan ma ba ya zaunuwa.

Matar ce ta kira malamin da ke yi wa masu aljanu karatu, wani tsoho mai ƙaramar murya. Ya zauna daura da yarinyar ya yi ta karatu har duhu ya fara shiga. Sai rurin ya tsaya. Auta ta buɗe ido, ta yi magana da muryar da ba tata ba.

"Sassauta, Malam, ba da kai nake ba. Sannu, Direba. Ka yi ƙiba."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gida ne a ramin tsakuwa. Wata yamma wannan ya kawo mini mutane cike da mota, hannuwansu a ɗaure. Har yau suna nan a ɗakina, ba su bar ni na runtsa ba."

Direba ya ji idon matarsa a gefen fuskarsa. Bai juya ba.

"Yaƙi ne," ya ce. "Malam, wanda bai je ba bai sani ba. Can dokarsa daban, nan daban. Su ma sun yi mana abin da ya fi haka. Da na ƙi, da wani ya tuƙa, ni kuma a jefa ni tare da su."

"Na yarda," in ji muryar. "Tuƙi an sa ka. Na ji lokacin da sajan nan mai igiya uku ya ce ka tsaya, ka kashe mota. Ka kashe?"

Direba ya sunkuyar da kai. Muryar ta ci gaba.

"Akwai gari a ƙasan tudun da ramin yake, mutane na dawowa daga gona. Da sun ji ihu da sun hawo. Ƙarar mota suka ji, suka ce masu ɗibar tsakuwa ne. Wa ya sa ka taka totur?"

"Yarinyar nan ba ta je ko'ina ba," in ji Malam. "Zalunci kake yi. Fita."

"Su ma na ramin ba su je ko'ina ba. Amma zan fita. Ya ba ni amsa kawai, da bakinsa, a gaban uwar 'yarsa."

Direba ya dubi wuyan Auta, ya rame kamar na tsuntsu, jijiya na harbawa a gefensa. Ya nemi wani suna da zai kira, na mai igiya uku ko na kowa, ya rasa.

"Ba wanda ya sa ni," ya ce. "Kukansu ne ba na so in ji."

Yarinyar ta yi doguwar atishawa, ta zube a cinyar uwarta. Can ta motsa, ta ce da ƙaramar muryarta, "Mama, yunwa nake ji." Matar ta ɗauke ta cak, ta shige ɗaki. Direba ya ji an tura sakata.

Ya raka Malam har bakin ƙofa, ya riƙe masa hannun riga.

"Malam, ni fa? Ba abin da za a karanta mini?"

Tsohon ya janye hannun rigarsa a hankali, ya sa takalmi.

"Ni aljani nake fitarwa, ɗana. Kai babu kowa a jikinka sai kai."