Tabon da Auta Ta Saba Gogewa

Ko takalmi Auta ba ta cire ba Yaya ta tare ta a bakin ɗaki.

"Direban nan naki ya kira. Mahaifiyarsa na son ganin hotonki kafin ta zo. To ki ji ni da kyau, ki goge abin nan!"

"Abin nan" shi ne tabon ƙuna da ya taso daga kunnen Auta ya gangaro har wuya, tun tana 'yar shekara tara fitila ta fashe mata. A gidan ba mai kiran sunansa.

"Yaya, wallahi na gaji. Haka fa muka yi wancan karon."

"Wancan karon hoda ce ba ki sa da yawa ba!"

Shekara uku ke nan da wancan karon. Ta goge tabon a hoto, dangin saurayinta na lokacin suka gani suka yi ta murna. Ranar da suka zo suka gan ta ido da ido, uwarsa ta ajiye ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Shi kuwa saƙo ɗaya ya turo: "Sori, abin ya fi ƙarfina." Tun daga nan Auta ta koma ɗakin baya na shagon hoton da take aiki, ita da kwamfuta. Tana rage wa masu tumbi tumbi, tana share wa amare ƙuraje. Kowa ya fita da kyansa, ita ta koma gida tana ganin ba ta kai a so ta ba.

Washegari ta bi maganar Yaya, don ba ta da ƙarfin musu. Minti biyar aikin ya ɗauke ta. Ta zauna tana kallon kyakkyawar da ke kan allo, har ta ji kishinta ya kama ta.

Da azahar Direba ya iso. Motar asibiti yake ja, hoton fasfo ya taɓa kawo shi shagon, shi ke nan ƙafarsa ba ta sake ɗaukewa ba. Ya karɓi hoton ya juya shi.

"Masha Allah! Ƙanwarki ce?"

"Ni ce mana."

"A'a. Wadda na yi wata takwas ina wa sintiri ba wannan ba ce."

"Filis, ka kai mata haka," in ji ta. "In ta ga na gaskiya ta ce a'a fa?"

"Tana iya cewa, ba zan miki ƙarya ba. Amma in ta ce to ga wannan, wa zan aura?"

Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ta daɗe tana haɗiyewa. Bai rarrashe ta ba, bai kuma tafi ba. Da ta gama ta share ido, ta buga masa ainihin hoton da hannunta.

"Kin kashe kanki!" Yaya ta ɗora hannu a ka da ta ji. "Sai ki zauna ki tsufa a gaban kwamfuta!"

Kwana tara shiru. Mahaifiyarsa ta ga hoton ta ce mutane za su yi magana, Direba bai yi mata gardama ba, bai kuma janye ba. Auta tana zuwa aiki tana dawowa kamar wadda aka zare wa laka.

A rana ta goma wata dattijuwa ta ɗaga labulen ɗakin baya.

"Ni ce uwar Direba."

Ta tsaya tana kallonta. Hannun Auta ya tafi zai ja mayafi sama, ta danne shi a cinya.

"'Yata, yana miki ciwo har yanzu?"

Shekara goma sha bakwai, ba wanda ya taɓa tambayarta haka.

"A'a, Mama... sai in ana kallonsa."

"To ni na gama kallo. Ki gaya wa yayarki muna tafe ranar Asabar."

'Yan mata, ku ji: duk wanda sai kun ɓoye kanku zai so ku, ba ku yake so ba. Auta ta yi haƙurin kwana tara da fuskarta ta gaskiya, aka kuma ɗauke ta da ita.